Tambaya da Amsa: Wai da gaske akwai kogin ƙanƙara da ake zuwa kallo?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah ina da tambaya. Ƙanina ne ya turo min wani bidiyo a WhatsApp, wani ƙaton bangon ƙanƙara shuɗi a bakin ruwa, kawai sai gefe guda ya ɓalle ya rufta cikin ruwan, mutane na ta ihu suna tafi. Yace wai a Ajantina ne, ni kuma nace haɗin kwamfuta ne, don mu nan ƙanƙarar da muke siya da azumi ko an naɗe ta a buhu kafin a sha ruwa ta koma rabi. Ta ya wannan za ta zauna a fili rana na dukanta bata narke ba? Daga wata mai karatu, Gwammaja, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Toh ki ba ƙanin naki haƙuri, shi ne da gaskiya. Yadda kika kwatanta ɗin nan Perito Moreno ne, wani kogin ƙanƙara a yankin Patagoniya can kudancin Ajantina, tsawonsa kusan kilomita 30, faɗin bakinsa kilomita 5, bangon da kika gani kuma ya kai mita 60 zuwa 70 daga saman ruwan tafkin Argentino, abin da ke nutse a ƙasa ma ya fi haka.

Kuma fa tana narkewa, ba wai bata narkewa ba. Abin da ya sa bata ƙarewa, can saman duwatsun Andes dusar ƙanƙara ke ta zuba shekara da shekaru, ta bana ta hau kan ta bara, nauyi ya danne ta ƙasa ya matse iskar da ke cikinta har ta daskare ta zama kamar dutse, wannan matsewar ce ma ke sa ki ganta shuɗiya, don tana shanye jan haske ta bar shuɗin. In ta yi kauri sosai sai nauyinta ya fara turo ta gangare a hankali, wajen mita 2 a rana a tsakiyarta, ido ba zai gani ba amma tafiya take. Kinga ana ƙari ta sama, ana ragi ta ƙasa. Ɓallewar da kika gani ita ce ƙarshen tafiyar.

Abin da ya fi burge ni da wajen, wani lokacin ƙanƙarar kan matso har ta tokare da gaɓar tsallake ta datse wani reshe na tafkin, ruwa ya yi ta taruwa a baya yana hawa, sai ya fara cin ta ta ƙasa ya huda rami, ramin ya yi ta faɗi har sama ta zama gada, rana ɗaya gadar ta rushe gaba ɗaya. An yi haka a 2004, an yi a 2016, mutane kan yi kwanaki suna dakon wannan lokacin, ta 2018 kuwa cikin dare ta faɗi. Ikon Allah kenan.

Wajen na cikin gandun Los Glaciares wanda UNESCO ta sa a jerin wuraren tarihi na duniya a 1981. Daga Buenos Aires jirgi ake hawa kamar awa 3 zuwa garin El Calafate, sai mota kilomita 80. An yi dakali da matakala masu shinge da ake tsayawa a kai, kuma shingen ba ado ba ne, tartsatsin ƙanƙarar in ta faɗo ya taɓa halaka mutane.

Abin da ke damuna gaskiya, wannan kogin ya daɗe yana cikin 'yan kaɗan da basa raguwa, amma 'yan shekarun nan shi ma ya fara ja da baya. Mu ma a Afirka muna da namu, a kan Kilimanjaro a Tanzaniya, dutse mai tsawon mita 5,895, da dutsen Kenya da Ruwenzori, sai dai na Kilimanjaro sama da kashi 80 cikin 100 ya tafi daga 1912 zuwa yau, kuma a 2022 UNESCO ta ce da wuya su wuce 2050. Don haka in Allah Ya hore miki, Tanzaniya ta fi kusa, amma sai an yi kwanaki ana hawa a ƙafa. In Ajantinan ce, ki nufe ta tsakanin Nuwamba da Maris, lokacin ne suke bazararsu.