Fitowar mutuwa a fim ɗina ba ta taɓa zuciyar kowa ba

Tambaya: Malam, na ɗauki gajeren fim a Kano da kyamarar haya mai 4K. Akwai fitowar da ake sanar da uwa rasuwar ɗanta. Jarumar ta yi kuka na gaske a lokeshin, amma da na haska wa mutane ko gezau ba su yi ba. Kuɗina sun ƙare, hankalina a tashe yake. Ina na kuskure?

Amsa: Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, akwai gyara. Fara duba girman hoton. Irin wannan fitowar tana son kyamara ta matso fuskar uwar, daidai tsayin idonta, edita kuma ya bar hoton ya kai daƙiƙa shida zuwa takwas kafin ya yanke. Kada a koma kan mai kawo labarin, fuskar mai jin labarin ake buƙata.

Amma na fi zargin sauti. Kullum sai na ji ana cewa "sauti ai wajen tacewa ake gyara shi." Wallahi maganar nan ta kashe finafinai da yawa. A kashe maƙudan kuɗi a kyamara, a bar makirfo a kanta, mita uku daga bakin jaruma, janareta na ruri a bakin ƙofa, bangon siminti na maido da murya. Manhajar rage hayaniya ba ta san kuka ba. Idan ta tsame ƙarar janareta, tare take kwashe shessheƙa da rawar murya da jan numfashi, a bar maka murya kamar daga cikin randa. Su kuwa waɗannan ƙananan sautukan su ne ke sa mai kallo hawaye. Sai wani mai kiran kansa edita ya karɓi kuɗinka ya lafta kiɗan tausayi don rufe ɓarnar, kiɗan ya danne abin da ya rage. Duk wanda ya ce zai iya dawo maka da abin da makirfo bai ɗauka ba, yaudararka yake yi.

A lokeshin, makirfon sanda ya tsaya santimita 30 zuwa 50 saman kan jaruma, yana fuskantar baki. A kai janareta bayan katanga da doguwar waya, a kashe fanka da firji. A saita na'urar ɗaukar sauti a 48kHz (ma'aunin ingancin sauti), ƙarfin murya kada ya wuce kusan -12dB a ma'aunin na'urar, mai sauti kuma kada ya cire abin ji daga kunnensa. Kafin a tashi, kowa ya yi shiru na minti ɗaya a ɗauki sautin ɗakin, da shi ake cike gurbin yanka.

Yanzu ka cire kiɗan gaba ɗaya ka saurari fitowar da ido a rufe. Idan numfashinta na fita, bar ta haka, kiɗa ya shigo bayan an yanke. Idan ba ya fita, roƙi jarumar rabin yini ku sake ɗaukar wannan fitowar kaɗai.