Daga ina birni zai samo kuɗin gina kansa?

Tambaya: Ana yawan magana a kan birane masu ɗorewa a manyan taruka, amma duk lokacin da aka tambayi hukumomin birni dalilin da ya sa ruwan famfo, magudanun ruwa, sufurin jama'a da kwashe shara ba sa tafiya daidai da bunƙasar gari, amsarsu ɗaya ce, wato babu kuɗi. Shin da gaske ne babu kuɗin? In kuwa babu, me ya hana birane su ci bashi, ko su nemi tallafin sauyin yanayi, su yi aikin gaba ɗaya?

Amsa: Kuɗin suna nan, sai dai yawancinsu ba sa shiga asusun hukumar birni. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na arzikin da duniya ke samarwa a birane ake samar da shi, kuma alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarar 2018 sun nuna cewa kashi 55 cikin 100 na mutanen duniya a birane suke zaune, ana kuma sa ran adadin zai kai kashi 68 nan da 2050. Matsalar ita ce, harajin da ke ƙaruwa tare da wannan arziki, kamar harajin albashi, harajin ribar kamfanoni, harajin kayan masarufi da kuɗin fito, a mafi yawan ƙasashe gwamnatin tsakiya ce ke karɓarsa. Birni kuwa an bar masa nauyin ruwa da hanyoyi da shara, aka haɗa shi da ƙananan kuɗaɗen lasisi da kason da ake turo masa daga sama, kason da sau da yawa yakan zo a makare, ba a san adadinsa tun farkon shekara ba, kuma an riga an ƙayyade abin da za a kashe shi a kai. Hukumar da ba ta san abin da za ta samu baɗi ba, ba za ta iya tsara aikin shekara ashirin ba.

Kafin a zo kan maganar bashi, ya kamata mai tambaya ya bambanta aljihu biyu. Akwai kuɗin gina abu, wanda ake kashewa sau ɗaya, akwai kuma kuɗin tafiyar da shi da gyaransa, wanda ake kashewa kowace shekara muddin abin yana aiki. Bashi da tallafi suna iya gina matatar ruwa, amma ba su ne za su riƙa sayen magungunan tace ruwan, da biyan kuɗin lantarki da albashin injiniyoyi ba. A wurina ma'anar ɗorewa ta fuskar kuɗi ke nan: birni ya mallaki kuɗin shiga na kansa, tabbatacce, mai maimaituwa, wanda zai riƙe abin da aka gina, ya kuma biya bashin da aka ci wajen gina shi.

Tushe mafi ƙarfi na irin wannan kuɗin shiga shi ne harajin filaye da gine-gine. Gida ba ya ƙaura, ba a ɓoye shi, kuma darajarsa tana hawa ne saboda hanya da ruwa da tsaron da jama'a suka biya kuɗinsu, don haka adalci ne a mayar wa jama'a wani kaso. A Birtaniya da Amurka da Kanada wannan haraji yana kawo abin da ya kai wajen kashi 3 cikin 100 na arzikin ƙasa a shekara, alhali a yawancin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi bai kai rabin kashi ɗaya ba. Abin da ke kawo wannan giɓi ba talauci ne kaɗai ba. Rajistar gidaje takan tsufa har rabin gari ba ya cikinta, ƙimar da aka yi wa gine-gine ta shekaru aru-aru ce, sannan waɗanda za su fi kowa biya su ne masu manyan kadarori, su ne kuma masu faɗa a ji. Birnin Freetown na Saliyo ya nuna cewa ɓangaren fasaha ba shi ne mai wuya ba. A 2020, ƙarƙashin magajiyar gari Yvonne Aki-Sawyerr, an yi amfani da hotunan tauraron ɗan Adam aka auna rufin gine-gine, aka ba kowane gini maki bisa abubuwan da ido ke gani, kamar girmansa, kayan da aka gina shi da su da irin hanyar da ke gabansa, har adadin gidajen da ke cikin rajista ya kusa ninkawa, nauyin harajin kuma ya koma kan gidaje masu tsada. Turjiyar da shirin ya fuskanta ta siyasa ce. Ina ƙara jaddada abu ɗaya a nan, domin a kansa ake yawan zaluntar mutane: dole ne a yafe wa gidajen marasa ƙarfi, ko a jinkirta wa tsofaffin da ke da gida amma ba su da kuɗin shiga, in ba haka ba harajin zai kori talaka daga unguwar da ya gina da guminsa.

Kusa da wannan akwai hanyar da na fi ganin an yi sakaci da ita, wato karɓo wani ɓangare na ƙarin darajar da aikin gwamnati ke jawo wa fili. Ranar da aka sanar da cewa layin dogo ko babbar hanya za ta ratsa wani yanki, farashin filayen wurin yakan tashi ba tare da masu su sun ɗora ko da bulo ɗaya ba. Kolombiya tana da doka tun 1921 da ke ba da damar raba kuɗin aiki a kan masu kadarorin da suka amfana da shi, kuma Bogota ta gina hanyoyi da gadoji masu yawa ta wannan hanya. A Hong Kong, ana ba kamfanin jirgin ƙasa na MTR izinin gina gidaje da kantuna a saman tashoshinsa da kewayensu, ribar da ya samu kuma ita ke ɗaukar kaso mai yawa na kuɗin shimfiɗa layin. Sao Paulo ta Birazil ta ɗauki wata dabarar: tun daga 2004 tana yin gwanjon takardun izinin ƙara tsayin gini a wasu keɓaɓɓun yankuna, ana kashe kuɗin a cikin yankin da aka tara su. Landan ma, lokacin gina layin dogo na Crossrail, ta ɗora ƙarin haraji na musamman a kan manyan gine-ginen kasuwanci tun daga 2010. Sai dai a kula, karɓar kaso daga ƙarin daraja daban yake da dogaro kan sayar da filayen gwamnati. Ƙananan hukumomin ƙasar Sin sun samu kusan yuwan tiriliyan 8.7 daga sayar da haƙƙin amfani da filaye a 2021, amma da kasuwar gidaje ta ja baya sai kuɗin suka ragu ƙwarai, bashin da aka ci da sa ran su kuwa yana nan daram. Wanda ya sayar da gona don ya sayi hatsin bana, baɗi ba gona ba hatsi.

Kuɗin da masu amfani da ruwa ko sufuri ke biya ma suna da muhimmanci, in an tsara su yadda buƙatar farko ta kowane gida za ta kasance da sauƙi, mai yawan amfani kuma ya biya cikakken farashi. Singafo tun 1975, Landan tun 2003, da Stockholm tun 2007 suna karɓar kuɗi daga motocin da ke shiga tsakiyar gari, abin da ke rage cunkoso da hayaƙi, ya kuma kawo kuɗin shiga.

Yanzu sai bashi. Cin bashi don gina abin da zai yi shekara hamsin yana aiki ba laifi ba ne, hasali ma shi ne adalci, domin waɗanda za su amfana nan gaba su ma sai su taya biya. Abin da ya hana yawancin birane shi ne babu mai yarda ya ba su. Wani nazari da Bankin Duniya ya yi a 2013 ya gano cewa daga cikin manyan birane 500 na ƙasashe masu tasowa, kashi 4 cikin 100 ne kawai suka cancanci rance a kasuwannin duniya, kashi 20 kuma a kasuwannin cikin gida. Mai ba da rance yana duba abubuwa sanannu: ko an binciki asusun birnin an kuma wallafa sakamakon, ko kuɗin shigarsa sun zarce kuɗin gudanarwa, ko doka ta ba shi ikon cin bashi, da ko sabon magajin gari zai mutunta alkawarin wanda ya gada. Ahmedabad ta Indiya sai da ta gyara tattara harajinta, ta nemi a auna cancantarta, sannan a 1998 ta sayar da takardun lamuni, wato takardun da hukuma ke sayarwa don karɓar rance daga masu zuba jari, na rupee biliyan 1 (kuɗin Indiya) ba tare da gwamnatin jiha ta tsaya mata ba, ta zuba kuɗin a aikin ruwa da magudanu. Dakar kuwa ta yi shekaru tana shiri don sayar da takardun lamuni na sefa biliyan 20, amma a 2015 gwamnatin Senegal ta dakatar da shirin ana dab da fara sayarwa.

Takardun lamunin da ake keɓewa don ayyukan kare muhalli sun buɗe wata ƙofa. Gothenburg ta Suwidin ce birni na farko da ya fitar da su a 2013, Johannesburg ta Afirka ta Kudu ta biyo baya a 2014, Cape Town ta wannan ƙasa kuma a 2017 ta samu rand biliyan 1 tana tsakiyar fama da fari. Ga masu guje wa kuɗin ruwa akwai sukuk, wato takardun lamuni bisa tsarin Musulunci, wanda Indonesiya ta fitar da irinsa na kare muhalli a 2018. Amma duk sunan da aka ba takardar, biyanta ake yi. Kuma birnin da ke karɓar haraji da kuɗin ƙasarsa ya ci bashi da dala, ya ɗauko haɗari babba, domin in darajar kuɗin ƙasar ta faɗi da rabi, bashin ya ninka ba tare da an ƙara ko kwalbati ɗaya ba. Ƙananan garuruwan da ba za su iya shiga kasuwa su kaɗai ba suna iya haɗa kai, kamar yadda ƙananan hukumomin Suwidin suka kafa Kommuninvest, cibiyar da ke ciyo musu bashi tare, a 1986, ko yadda garuruwa 13 na jihar Tamil Nadu ta Indiya suka ci bashi tare a 2002 don aikin ruwa. Ko birnin ƙasa mai arziki bai tsira ba in jama'a da harajinsa suka zaizaye: Detroit ta Amurka ta ayyana karyewa a 2013 da bashin da ya kai kusan dala biliyan 18.

Tallafin sauyin yanayi kuwa yana da amfani, amma bai kai girman buƙatar ba, yawancinsa ta hannun gwamnatocin ƙasa da cibiyoyin da aka tantance yake bi, kuma kaso mai yawa daga cikinsa rance ne ba kyauta ba. Inda ya fi yin tasiri shi ne wajen biyan kuɗin nazari da tsara aiki, da kuma ayyukan da ba sa kawo riba kai tsaye, irin su kare unguwanni daga ambaliya. Haɗin gwiwa da 'yan kasuwa ma ba kuɗin banza ba ne, domin ɗan kasuwa zai dawo da jarinsa daga aljihun jama'a ko daga asusun birni. Chicago ta Amurka ta ba wani kamfani hayar wuraren ajiye motoci na titunanta na shekara 75 a 2008 kan dala biliyan 1.15, ta kashe mafi yawan kuɗin cikin 'yan shekaru wajen cike giɓin kasafi, kuɗin shigar wuraren kuwa sun koma hannun kamfanin har zuwa 2083.

Duk waɗannan hanyoyi suna buƙatar gwamnatin tsakiya ta yi nata ɓangaren, wato ta ba birni ikon karɓar haraji a sarari, ta riƙa tura kasonsa bisa ƙa'idar rabo da kowa ya sani kuma a kan lokaci, sannan ta gindaya iyaka a kan cin bashi. Dokar kula da kuɗin ƙananan hukumomi ta Afirka ta Kudu ta 2003 ta ba birane damar cin bashi mai dogon zango don manyan ayyuka, ba don biyan albashi ba, ta kuma wajabta musu sanar da jama'a da neman ra'ayinsu kafin majalisar birni ta amince da kowane irin wannan rance.