Amsoshin Tambayoyi: Kafin Ku Zuba Kuɗi a Manhajar Lissafin Bututun Ƙazanta

Wasiƙun wannan makon daga ma'aikatan ruwa da na tsara birane suka fito, kuma duk a kan abu ɗaya suke: yadda ake gina kwatankwacin magudanar ruwan ƙazanta a kwamfuta, a gwada gudun ruwa kafin a haƙa ƙasa.

Wata sabuwar injiniya daga Abuja ta ce shugabanta ya umarce ta da ta koyi wannan aiki, ita kuma ba ta san ta inda za ta fara ba, har barci ya ƙaurace mata.

Ƙanwata, kwantar da hankalinki, rabin abin kin riga kin karanta shi a jami'a. Za ki gaya wa kwamfuta inda kowane ramin duba bututu yake, da faɗin bututun, da tsawonsa, da tsayin gindinsa, da yawan ruwan da ke shiga. Ita kuma ta nuna miki inda bututu zai cika, da inda ruwa zai yi ambaliya, da inda zai yi sanyin gudu har laka ta kwanta. Lissafin Manning ɗin nan da kika sani, na gudun ruwa a bututu, shi ne ginshiƙi, kuma a ma'aunin kaushin bututu na wannan lissafi, bututun kankare 0.013 aka saba ba shi. Ki sauke manhajar SWMM, wadda hukumar kare muhalli ta Amurka ta fara fitarwa a 1971. Kyauta ce, kuma littafin jagorarta yana da darasin masu farawa. Kada ki rikita ta da EPANET, wannan ta ruwan famfo mai matsi ce. Ki fara da ramuka goma na unguwa ɗaya. Kina da sa'a ma, Abuja tana da bututun da ke kai ƙazanta matatar Wupa, don haka akwai abin da za ki je ki gani da idonki.

Wani darakta ya ce an ware musu kuɗi, ɗan kwangila kuma ya kawo musu zaɓi biyu, InfoWorks ICM ko SewerGEMS. Wacce za su saya?

Ranka ya daɗe, dukansu manhajoji ne nagari. Ta farko a hannun kamfanin Autodesk take tun da suka sayi kamfanin Innovyze a 2021, ta biyu ta kamfanin Bentley ce, akwai kuma MIKE+ ta kamfanin DHI a Danmak. Amma ni tambayata daban ce: ina taswirar bututunku? Yaushe rabon da wani ya buɗe murfi ya auna zurfi? Wannan abu ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. A biya lasisi da dala, a yi bikin ƙaddamarwa, a tura mutum biyu horo, shekara ta zagayo a nemi kuɗin sabuntawa a rasa, kwamfuta ta koma ta buga wasiƙu. Bayanan da aka zuba mata kuwa daga tsohon zanen ɗan kwangila aka kwafo, wanda ba lalle ne a haka aka shimfiɗa bututun ba.

A duba wannan lissafi. Bututu mai tsawon mita 50, gangarensa ɗaya cikin 200, santimita 25 kacal yake sauka daga wannan baki zuwa wancan. Idan aka tura yaro da GPS ɗin waya, wanda kuskurensa kan kai mitoci, kwamfuta za ta iya nuna ruwa yana hawa tudu, ta kuma zana shi da launi mai kyau a kai wa kwamishina. Dole a ɗauki safiyo na gaske da na'urarsa. Dole a auna gudun ruwa a cikin bututu da rani, a sake aunawa da damina, tare da ma'aunin ruwan sama a kusa, sannan a gyara lissafin har ya dace da abin da aka auna. Ƙa'idar da aka saba, cewa kusan kashi 80 cikin ɗari na ruwan da gida ya samu yakan koma bututu, ba za a ɗauke ta ido rufe ba a garin da gidaje da yawa ke da sokawe da rijiyar burtsatse. Yashi da leda da suka cinye rabin bututu ma kwamfuta ba ta san da su ba sai an gaya mata. Shawarata, ku kashe kason farko a kan awo, ku yi shekara guda da SWMM da manhajar taswira ta QGIS, dukansu kyauta. In aiki ya fi ƙarfinsu, a lokacin za ku san abin da kuke nema.

Wani kuma ya ce an yi masa tayin SewerGEMS a filashi da kuɗin da bai kai na buhun siminti ba.

Malam, ka san amsar tun kafin ka rubuto. Kayan sata ne, sau da yawa da ƙwayar cutar kwamfuta a ciki, kuma ranar da bututun da ka zana ya yi ambaliya a gidajen mutane ba ka da bakin kare kanka. Ga ta halak kyauta na ambata a sama.

Daga Kano, wani ma'aikaci yana tambaya ko ya sayi na'urar auna gudun ruwa mai rahusa da ya gani a intanet.

Araha ba ta ado, ɗan'uwa. Wadda kake buƙata ita ce mai auna zurfi da sauri a tare, domin bututun ƙazanta ba kullum yake cike ba. Da yawa daga masu rahusar nan na bututun da ya cika taf ne. Ka nemi takardar gwajin daidaito mai ɗauke da lambar na'urar, ka tambayi wanda zai gyara ta in ta lalace. In aikin na 'yan makonni ne, haya ta fi. Kuma don Allah kada kowa ya shiga rami ba tare da na'urar gano iskar guba da igiya da mutum a sama ba. Iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, in ta yi yawa hanci yakan daina jin ta, tana kuma kashewa cikin ɗan lokaci.

Mai tambayar irin kwamfutar da zai saya don wannan aiki: tafi-da-gidanka mai Windows da RAM mai GB 8 zuwa 16 ta ishe ka. Ragowar kuɗin ka sayi inbata.