Na raini ɗan biri shekara 2, in na sake shi a daji zai iya ciyar da kansa?

TAMBAYA: Salam Dakta. Ni mazaunin Tudun Wadan Zariya ne. Shekara 2 kenan na sayi ɗan jan biri a hannun wani maharbi, yana ɗan mitsitsi, da fida muka raine shi. Yanzu ya girma ya fara cizo, jiya ma ya ciji yarinyata a hannu. Maƙwabta sun ce in kai shi daji bayan Shika in sake, wai neman abinci a jinin biri yake. Wallahi na shaƙu da shi, tsoro nake kar yunwa ta kashe shi.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Yarinyar tukuna: a wanke ciwon da sabulu da ruwa mai gudu kamar minti 15, a kai ta asibiti yau ɗin nan a gaya musu biri ne ya cije ta, su duba maganar allurar haukan kare da ta tetanos. Kar wanda ya shafa mata toka ko kanwa.

Toh sai batun "a jininsa yake". Maganar nan na gaji da jinta, kusan kullum sai an kawo min ita, kuma ita ke kashe biran da aka raina a gida. Yunwa ce a jinin biri, amma sanin me za a ci, a ina, a wane wata, wannan koyo ake yi. Kuma uwar ba zaunar da ɗan take tana nuna masa ba, shi ne ke maƙale a cikinta wata da watanni yana kallon hannunta, ta ɓare abu ya tsinci ɓurɓushin da ya faɗo, ya kai hancinsa bakinta ya sunsuna abin da take tauna. Na sha zama a Yankari da rani ina kallon gwaggon biri tana tonon saiwar ciyawa, ɗan na gefe yana kartar ƙasa inda babu komai, sai ta gama ya faɗa raminta ya lalubi ragowar. Haka yake gane irin ciyawar da ke da abu a ƙarƙashi.

An ma gwada wannan a Afirka ta Kudu, aka fitar da sakamakon a 2013. Aka ajiye wa wasu birai dangin kirka masara kala 2, shuɗiya da ruwan hoda, kala ɗaya aka sa mata ɗaci har suka daina taɓa ta. Daga baya aka daina sa ɗacin, duka biyun lafiya lau, amma jariran da aka haifa, waɗanda ba su taɓa ɗanɗana mai ɗacin ba, 26 cikin 27 kalar da uwarsu ke ci kawai suka ci. Kaga kenan ɗan biri bakin uwarsa yake bi.

To naka wa ya kalla? Ku ya kalla, kuna shan shayi da biredi kuna cin tuwo. Jan biri a daji ƙaro yake ci a jikin bagaruwa da danginta, da fara da sauran ƙwari da 'ya'yan itace, garken na yawo mai nisa kullum don sun san inda ruwa ke saura in rani ya tsananta. Naka bai san ko ɗaya ba, bai san kukan da ake yi in an hango kare ko shaho ba, kuma garken da bai san shi ba korarsa zai yi. Abin da zai faru ka sake shi da safe, kafin la'asar ya nufi rufin kwanon farko da ya gani, domin wajen mutum ya san abinci, ya shiga gona ko kicin, yara su bi shi da jifa, karnuka su ƙarasa. Na ga wanda aka tsinta haka, duk haƙarƙari a waje, igiyar da aka ɗaura masa tun yana ƙarami ta nutse cikin naman ƙugunsa, abin ya daɗe yana damuna.

Kuma don Allah a daina saye. Uwar biri ba ta sakin ɗanta da rai, galibi harbe ta ake a ɓamɓare shi daga jikinta, kuɗinka ne ke mayar da maharbin daji.

Ka kai shi asibitin dabbobi na ABU da ke Samaru su duba lafiyarsa, su haɗa ka da jami'an gandun daji ko gidan zu da zai karɓe shi. Ƙila a yi ta ce maka ka dawo gobe, ka daure ka yi ta komawa. Kafin nan a sa shi a keji mai faɗi a inuwa, nesa da yara, a rage biredi da kayan zaƙi, a ƙara masa ganye da gyaɗa da gwaiba.