Amsa ga ɗan'uwanmu mai aikin sito: hannun da za ka sa naka ne

Salama gare ka ɗana, a cikin sunan Yesu Almasihu. Ga waɗanda ba su ga tambayar ba, ga ta a taƙaice. Ɗan'uwanmu yana riƙe da sito a wata ma'aikata inda ake sauke takin zamani don sayar wa manoma da rahusa. Mota takan kawo buhu 150, oga ya ce ya sa hannu a kan 200, daga baya a miƙo masa kasonsa a ambulan. Ya riga ya karɓa a baya, har yana fitar da ushiri daga ciki, amma zuciyarsa ta ƙi kwanciya. Matarsa na da juna biyu, ga mai gida na ta aike kan kuɗin haya. Yana tambaya: tun da Littafi Mai Tsarki ya ce a yi biyayya ga na gaba, alhakin a kan wa yake, shi ko oga? In kuma ya ƙi, me za su ci?

Ni ma aikin sito na yi har na yi ritaya, don haka ba a bakin wani na ji wannan labari ba.

Mu fara da ayar da ka jingina da ita. Gaskiya ne Bulus ya faɗa wa bayi su yi biyayya ga iyayengijinsu, a Afisawa 6:5 da Kolosiyawa 3:22. Amma ka ƙarasa karatun. A Kolosiyawa ya ce a yi haka da zuciya ɗaya, saboda tsoron Ubangiji. A Titus 2:9-10 kuwa, a cikin numfashin da ya ce bawa ya yi biyayya, a nan ya ce kada ya yi sata, sai dai ya nuna cikakken riƙon amana. Ashe biyayyar da ake magana a kai ita ce ka zo aiki kan lokaci, ka girmama oga, ka yi abin da aka sa ka ba da gunaguni ba. Ranar da umarnin mutum ya ci karo da na Allah, Bitrus ya riga ya ba da amsa a gaban majalisa, a Ayyukan Manzanni 5:29, cewa wajibi ne a yi wa Allah biyayya fiye da mutane. Shifra da Fu'a, ungozomomin nan na Fitowa sura 1, umarnin Fir'auna ne da kansa suka ƙi bi, ba na wani shugaban sashe ba. Oga zai ɗauki alhakinsa, kai ma za ka ɗauki naka. Ka san haka tun kafin ka rubuto, abin da ya hana ka barci ke nan.

Abin da matasa ba su cika ganewa ba shi ne, ambulan na farko ba kyauta ba ne. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Daga ranar da ka karɓa, oga ya riƙe igiyarka, domin yana da takarda mai ɗauke da sa hannunka a kan ƙarya. A karo na biyu ba roƙonka zai yi ba, sanar da kai kawai zai yi. Buhu 50 na bana za su zama 80 baɗi. Ka kuma lura da kyau, shi ba ya sa hannu a ko'ina. Da baki yake ba da umarni, ko ya kira ka a waya. Ranar da masu binciken kuɗi suka zo, ko 'yan ICPC, hukumar da aka kafa tun shekarar 2000 don irin wannan, littafin sito za su buɗe, sunanka za su gani. Na ga mutanen kirki da aka kora ba fansho ba garatuti, waɗanda suka sa su kuwa suna nan suna yawo a manyan motoci. Bulus ya faɗi wannan a Romawa 6:16: wanda ka miƙa kanka kana yi masa biyayya, bawansa ka zama, ko zunubi mai kai ga mutuwa, ko biyayya mai kai ga adalci. Ba a zama a tsakiya.

Wani a zauren nan ya rubuta maka cewa ai kayan gwamnati ne, ba na kowa ba. Ina roƙonsa ya je ƙauye a watan Yuli ya dubi masarar da ba ta sami taki ba, ganyenta ya yi rawaya, tsayinta bai kai gwiwa ba. Masara ba ta jiran kowa, in lokacin sa taki ya wuce, ya wuce. Buhunan nan 50 da suka ɓace a kan takarda, akwai masu su. Akwai gwauruwar da ta sayar da akuya, ta bi layi tun asuba, aka ce mata ya ƙare. Wataƙila ma 'yar Zumuntar Mata ce a majami'arku, kuna cin Jibin Ubangiji tare.

Yanzu zancen ushiri, wanda shi ya fi damuna a cikin wasiƙarka, domin ciwo ne da ya kama ikilisiyoyinmu da yawa. Ka buɗe 1 Sama'ila sura 15 ka karanta a hankali. An aiki Sarki Saul ya hallaka Amalekawa da duk abin da suke da shi. Ya je ya ci yaƙi, amma ya bar Agag sarkinsu da rai, ya kuma ware tumaki da shanu mafiya kyau. Da Sama'ila ya iso, Saul ya tarye shi da fara'a yana cewa ya cika umarnin Ubangiji. Annabin ya tambaye shi, to wannan kukan tumaki da nake ji fa? Nan take Saul ya sami amsa mai kama da ibada: ai an kawo su ne don a yi wa Ubangiji hadaya. Amsar Sama'ila a aya ta 22 kowane ɗan makarantar Lahadi ya haddace ta, biyayya ta fi hadaya. Abin da ba a cika karantawa ba shi ne aya ta 24, inda Saul ya fito da ainihin dalilinsa: tsoron mutane ya ji, ya bi maganarsu. Hadayar rufa-rufa ce kawai. Ɗana, ushirin da ka fitar daga cikin ambulan bai wanke sauran kashi tara ba. Allah ba abokin rabo ba ne da za a ba shi kaso ya yi shiru. Mu dattawa ma muna da laifi a nan, domin ranar bikin godiya ko ranar kafa asusun gini mukan tafa wa wanda ya sanar da miliyan, ba wanda ke tambayar nawa ne albashinsa.

Ba zan yi maka alkawarin da Littafi bai yi ba. Wasu masu wa'azi za su ce ka ƙi yau, gobe a ƙara maka girma. Yusufu ya gudu daga matar Fotifar, ya bar rigarsa a hannunta, sakamakon da ya fara gani kurkuku ne. Yana da shekara 17 aka sayar da shi, sai da ya kai 30 kafin ya tsaya gaban Fir'auna. Shadrak, Meshak da Abednego sun ce Allahnsu yana da ikon cetonsu, sa'an nan suka ƙara da cewa ko bai cece su ba, ba za su yi wa gunkin sujada ba. Yahaya Maibaftisma kuwa bai fito daga kurkukun Hirudus da kansa a wuyansa ba.

A nawa ɓangaren, lokacin da na ƙi sa hannu a kan kayan da ban gani ba, ba a kore ni ba. An dai yi mini canjin wurin aiki zuwa wani ƙauye da mota ba ta shiga da damina. Ƙarin girma ya yi ta tsallake ni yana faɗawa kan yaran da na koya wa aiki. Uwargidana ta shiga soya ƙosai da dama kunu don kuɗin makarantar yara ya cika. Abin da ya fi zafi bai fito daga ofis ba, daga 'yan'uwa ya fito. Wani dangi ya ce mini tsarkina ya yi yawa, wai an ba ni rijiya ina kukan ƙishi. Wanda ya tsaya tare da ni a ofishin nan wani direba ne Musulmi, dattijo, wanda shi ma ba ya taɓa abin da ya kira haram. Yakan ƙirga buhuna da ƙarfi a gaban leburori, don kada wani ya ce bai ji ba. Ogan namu ya gina gidaje, har yau ana ba shi kujerar gaba a wurin taro. Zabura 73 ta zama abokiyata a shekarun nan, domin Asaf ma ya ce saura kaɗan ƙafarsa ta zame da ya ga arzikin mugaye. Ba mu yi arziki ba, ba mu kuma kwana da yunwa ba, yara sun gama makaranta. Iyakar abin da zan iya shaida ke nan.

Yadda za ka ƙi ma yana da muhimmanci. Kada ka shiga ofishin oga da Littafi a hammata kana yi masa wa'azin wuta, girman kai ne wannan, kuma zai ba shi dalilin cin mutuncinka. Dubi Daniyel a sura 1. Aya ta 8 ta ce ya ƙudura a ransa ba zai ƙazantar da kansa da abincin sarki ba. Tun ran gini ran zane. Wanda ya bari sai ambulan ya iso tebur kafin ya fara shawara, ya makara. Bayan ya ƙudura, bai yi tawaye ba, roƙo ya yi da ladabi, har ya kawo mafita: a gwada shi da abokansa da kayan lambu da ruwa kwana 10. Kai ma ka same shi shi kaɗai, kafin mota ta gaba ta iso, ka ce, ranka ya daɗe, daga yau abin da na ƙirga shi zan rubuta, kuma kada a sa ni a rabo. Kada ka yi barazanar tona asiri, kada ka yi doguwar magana. Daga nan ka tsare aikinka. Ka ƙirga kaya a gaban direba da mai gadi, ka rubuta adadin a kan takardar rakiyar kaya nan take, ka ajiye kwafi a gida, ka ɗauki hoto da wayarka. Kada ka makara, kada ka ɗauki ko biro na ofis, domin za a fara neman laifinka. A Daniyel 6:4 maƙiyansa sun bincika ko'ina ba su sami abin kamawa ba.

Kafin ka je wurin oga, ka fara zama da matarka. Ita za ta sha wahalar tare da kai, bai kamata ta ji a bakin maƙwabta ba. Mata da yawa sun fi yadda muke zato ƙarfin hali, abin da ba sa yafewa shi ne a ɓoye musu. Ka kuma sami dattijo ɗaya mai riƙe sirri, ko fastonka, ka faɗa masa komai da adadinsa, ka ba shi izini ya riƙa tambayarka duk wata. Yakubu 5:16 ya ce mu furta wa juna zunubanmu, mu yi wa juna addu'a. Wanda ke wannan yaƙi shi kaɗai a ɓoye bai cika daɗewa a tsaye ba.

Game da abin da ka riga ka ci, ka furta, gafara tabbatacciya ce, 1 Yohanna 1:9 ba ta da sharaɗin sai ka fara biya. Sai dai tuba ta gaske takan taɓa aljihu. Zakka na Yariko, a Luka 19, ba wanda ya tilasta masa, da Yesu ya shiga gidansa da bakinsa ya ce zai mayar riɓi huɗu. Ka zauna ka lissafa jimillar, ku shawarta da dattijon nan kan hanyar mayarwa da ba za ta jefa ka cikin tarko ba, ko da kaɗan-kaɗan ne daga albashi. Kada dai ka zuba shi a baiko ka ce ka biya, ba ikilisiya ka cuta ba.

Ka ce ka sha yin alkawari kana karyawa. Ƙarfin zuciya shi kaɗai ba ya kai mutum ko'ina, haka ma tsoron hukuma. Mu da muka ga yaƙi da rashin ɗa'a na 1984, zamanin Buhari da Idiagbon, mun ga yadda kowa ya koyi bin layi saboda bulala, da sojoji suka kau da kai aka koma gidan jiya. Titus 2:11-12 ya ce alherin Allah ne ke koya mana mu ƙi rashin tsoron Allah da sha'awace-sha'awacen duniya. Alherin da ya gafarta maka shi ne zai ba ka bakin cewa a'a. Ka roƙe shi kowace safiya kafin ka buɗe kwaɗon sito, kana kiran abin da sunansa, ba addu'ar jimla ba. Kada kuma ka ajiye aikin da kanka tukuna. In duk masu tsoron Allah suka fice, wa zai ƙirga buhunan?

Sauran maganata ga 'yan'uwa ce da ke karantawa. Abu ne mai sauƙi mu rubuta wa yaron nan ayoyi daga cikin ɗakunanmu da aka biya haya. Mafi ƙarancin albashi tun 2024 naira dubu 70 ne, kowa kuma ya san abin da mudun shinkafa da litar mai suka koma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023. In muka ce ya ƙi ambulan, to haihuwar da ke tafe da kuɗin hayar nan sun zama namu ma. Ina ba da shawara masu kula da zauren nan su tuntuɓe shi a keɓe, su tabbatar ta wurin fastonsa, su faɗa mana abin da ya rage na hayar. Ni zan ba da nawa daga fanshon wannan wata.