Tambayoyinku: Kalmomin Rashi da Ta'aziyya

Tambaya: Mahaifinmu, wanda ya shekara talatin yana koyarwa a makarantar firamare, ya rasu a watan jiya. Za mu buga takardar addu'a, amma mun yi saɓani a kan yadda ake rubuta "Allah ya jikansa". Wanne ne daidai?

Amsa: Ina yi muku ta'aziyya, Allah ya ba ku haƙurin rashinsa. Abin da za ku rubuta shi ne "Allah ya ji ƙansa". Kalmar asali ita ce ƙai, wato tausayi da rahama, ita ce kuma a cikin "jin ƙai" da "mai jin ƙai". Idan mace ce sai a ce "ji ƙanta", idan suna da yawa "ji ƙansu". Wannan kuskure yana damuna matuƙa, domin wanda ya rubuta "jikansa" da k marar lanƙwasa, ɗan ɗan mamacin ya ambata, bai roƙa masa komai ba. Na ga haka a jikin allon wata makabarta, na kuma gan shi a kalandar tunawa da wani babban malami wadda aka kashe kuɗi aka buga da launi. Haruffa masu lanƙwasa suna cikin rubutun boko tun shekarun 1930, kuma wayoyin hannu na yau suna da su, saboda haka uzurin ya ƙare. Akwai kuma masu cewa kalmar daga jiƙa take, wai ana roƙon a jiƙa kabari da ruwan rahama. Fassarar tana da daɗin ji, amma nahawu bai yarda da ita ba, don da haka ne da sai mu ce "Allah ya jiƙa shi", kamar yadda muke cewa ruwa ya jiƙa shi.

Tambaya: Daga ina kalmar marigayi ta fito?

Amsa: Daga rigaya, wato wanda ya riga mu gidan gaskiya. Mace marigayiya.

Tambaya: Akwai bambanci tsakanin mutu da rasu?

Amsa: Akwai, kuma na ladabi ne. Rasu ta fito daga rasa, kamar yadda taru ta fito daga tara, don haka tana ɗauke da ciwon waɗanda aka bari. Akuya tana mutuwa, fitila tana mutuwa, aure ma yana mutuwa, amma ba a cewa sun rasu. Ɗan da aka yi wa tarbiyya ba zai tsaya gaban mutane ya ce ubansa ya mutu ba. Zai ce ya rasu, ko Allah ya yi masa cikawa. Masu karanta labarai a rediyo su kula da wannan.

Tambaya: Makoki da takaba abu ɗaya ne?

Amsa: A'a. Makoki daga koka yake, shi ne zaman karɓar gaisuwa. Takaba ta matar mamaci ce kaɗai, wata huɗu da kwana goma idan ba ta da ciki.

Tambaya: Abokina na ƙuruciya ya rasu, wani dattijo ya ce mini "sabo ake yi wa kuka, ba mutuwa ba". Na ji kamar ya raina baƙin cikina.

Amsa: Bai raina ba, ɗan'uwa, uzuri ya ba ka. Bahaushe ya riga ya ce mutuwa rigar kowa ce, kuma mai imani ba ya jayayya da hukuncin Allah. To me ke kawo hawaye? Karin maganar tana cewa hawayenka ba ƙin ƙaddara ba ne, sabon zama tare ne ya yanke. Ban fahimci zurfinta ba sai da malamina, wanda ya riƙe ni kamar ɗansa, ya rasu. A wurin jana'iza ban yi kuka ba, har na taya ɗaukar makara. Bayan kwana bakwai na ci karo da wata kalma da ta shige mini duhu, na ɗauki takalmina da niyyar zuwa in tambaye shi kamar kullum. Sai da na isa zaurensa na tarar an naɗe buzunsa an jingine a bango, a nan ne hawaye suka zubo mini. Allah ya ji ƙansa, ya ji ƙan abokinka.