Iyaye ba sa dawowa allura ta biyu

Tambaya: Ni ma'aikaciyar lafiya ce a Fagge. Mata da yawa ba sa dawo da jarirai bayan allurar Penta (rigakafin cututtuka biyar) ta mako 6 da haihuwa, wai tana sa zazzaɓi. Yaya zan yi?

Amsa: 'Yar'uwa, ki sanar da uwa tun kafin ki yi allurar cewa zazzaɓi da kumburin cinya na kwana ɗaya ko biyu ba abin tsoro ba ne. Ta ci gaba da shayarwa, ki auna mata farasitamol daidai nauyin yaro. Ki rubuta ranakun dawowa allurar mako 10 da 14 a kati, ki karanta mata. Sau da yawa maigida ne ke hanawa, sai mai unguwa ko liman su yi masa magana. Wadda ta makara kada ki yi mata faɗa. Ba a sakewa daga farko, ɗorawa ake yi daga inda aka tsaya.